Ranar da Aka Ba Inna Abincin Sallah a Leda

Ku yi mini uzuri tun daga farko idan na haɗa wani abu da wani. Shekaru sun ja, kuma na lura cewa abin da mutum ya daɗe yana juyawa a ransa shi kaɗai yakan goge ta wani gefe, ya ƙara kauri ta wani. Ba zan iya rantsuwa a kan launin ƙofar gidan da zan ba ku labarinsa ba, sunan direban da ya ɗauke mu daga Tsamiya ma ya ɓace mini. Amma abin da na gani a hannun mahaifiyata ranar nan, wannan yana nan yadda yake.

Na san abin da ake faɗa muku a Zagga tun kuna ƙanana. Ana cewa ubanku ya kori kawunsa daga zaman makokin Inna, ana cewa boko ne ya kumbura masa kai har ya yanke zumunci da mutanenmu na Kandi, can ƙasar Binin. Kun ji, kun yi shiru saboda kunyata. Ni ma na yi shiru, da farko saboda alkawari, daga baya saboda halina da kuka sani na tsoron tayar da magana. Yanzu ke Hadiza kin ce za ki kwashi 'ya'yanki ku je Kandi yin Sallah don a gyara abin da ya ɓaci. Ban hana ki ba. Sai dai ina ganin bai kamata ki je gyaran abin da ba ki san yadda ya karye ba.

Kawu Mamman ƙanen Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana jinjiri, Inna ce ta goya shi, ita ta tauna masa abinci, shi ya sa har ta bar duniya ba ta kiransa da wani suna sai Auta. Da ya tasa ya ƙi noma, ya tsallaka iyaka, ya shiga fataucin shinkafa da mai, Allah ya buɗa masa, ya gina bene a Kandi. Fadamar da kakanmu ya bari mu muke nomanta, shi ko lauje bai taɓa riƙewa a cikinta ba, amma duk shekara in an yi girbi sai Inna ta sa a ware buhu guda na mafi kyawun shinkafa a kai masa. Mai tireloli ba ya bukatar buhunmu, kowa ya san haka. Inna cewa take buhun ne ke faɗa masa har yanzu yana da gida.

A shekarar da nake magana, ina aikin malamin gona a ƙaramar hukumar Bagudo, ban daɗe da auren uwarku ba. Idanun Inna sun yi yana, ba ta gane mutum sai ya yi magana, ga kuma ciwon suga da ya sa kullum sai ta sha ƙwaya da safe. Muka ji labarin wani likitan ido a Kandi da ake yabo, aka ce zai duba mutane da zarar an gama hutun ƙaramar Sallah. Ni kuwa kun san ni, ba na fita ƙofar gida ban yi lissafi ba. Na aika wa Kawu saƙo ta bakin wani direba tun azumi bai ƙare ba, direban ya dawo ya ce ya faɗa masa baki da baki. Na tsara mu yi Sallarmu a gida, mu tashi washegari, lokacin da kasuwa ta fara dawowa. Abu ɗaya ne bai shiga lissafina ba. Mu an ga wata a wurinmu, su can ba su gani ba, sai suka cika azumi. Ranar da muka ɗauka washegarin Sallah ce, ita ce ranar Sallarsu. Rediyon ƙasarmu kaɗai nake saurara, ban sani ba.

Da sassafe uwarku ta cika kula da masa da soyayyen kifi ta miƙo mini. Inna ta ji ƙamshi, ta lalubo kular da hannu.

"Shehu, wanga fa mi ne?"

"Guzuri ne, Inna. Hanya da nisa, ga maganinki."

"Daji za mu? Gidan Auta za mu. Wa ka taɓa gani ya ɗauki abinci zuwa gidan ƙane nai? So kake a ce mun zarge shi da rowa? Aje shi."

Na ajiye. Ta sha kunu kaɗan, ta haɗiye ƙwayarta, muka ɗora buhun Kawu a mota. Muka bi ta Bagudo, muka haye gadar Tuga, muka wuce Ka'oje har Tsamiya, inda muka canja mota. A iyaka ne na fara jin wani abu ba daidai ba, don jami'an can suna sanye da sababbin kaya, suna yi mana barka da Sallah da fara'ar da ba ta ranar biyu ba. A Segbana muka tarar ana dawowa daga Idi. Nan na gane yau ce Sallarsu, amma Inna murna ta yi. Ta ce Allah ya yi za ta ci Sallah biyu a shekara ɗaya, ɗaya a gidan ɗa, ɗaya a gidan ƙane.

Rana ta take muka isa ƙofar gidan. Motoci sun cika layin, ƙamshin miya da soyayyen nama ya cika ko'ina, a gefen katanga kuma ga tsofaffi da makafi a zaune suna jiran sadaka. Na yi wa maigadi sallama, na faɗa masa wannan yayar maigidan ce daga Zagga. Ya dube mu daga sama har ƙasa, ya dubi zanen Inna da ƙurar hanya ta yi wa ja, sannan ya dubi buhun. Ya kira wani ƙato ya saɓa buhun a kafaɗa ya shige da shi, ya ce mu kuma mu jira a sanar. Buhun ya shiga, Inna ba ta shiga ba. Ina so ku riƙe wannan. Shinkafar ba a tambaye ta ko ta yi alkawari da maigida ba.

Muka tsaya a rana har Inna ta gaji da tsayuwa, na shimfiɗa mata ɗankwalin da ke jakarta a gindin katanga ta zauna, kusa da masu jiran sadaka, don nan ne kaɗai ke da inuwa. Can sai ƙaramar ƙofa ta buɗe, Kawu ya fito cikin farar shadda da ta sha bugu. Bai durƙusa ba. A wurinmu ko sarki ne kai, in ka zo gaban wadda ta goya ka sai gwiwarka ta taɓa ƙasa. Shi a tsaye ya yi magana.

"Yaya, kun zaka? Ai da kun bari sai gobe."

Inna ta miƙe da ƙyar, fuskarta duk dariya, ta kai hannu za ta shafa fuskarsa tunda ido ba ya gani.

"Auta. Bari in ji ko ka yi ƙiba."

Ya kama wuyan hannunta ya sauke shi a hankali, yana waiwayen motocin.

"Yaya, nan Alhaji ake ce mini. Ina da baƙi ciki, manyan gari ne da mutanen kwastan. Gidan ya cika."

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, Inna ta sha maganin suga tun safe, ba ta ci komai ba. Ko wurin mata ne a bayan gida ta ɗan zauna."

Ya dube ni kamar yanzu ya lura da ni.

"Kai ne Shehu mai digiri? Duk karatun nan ba ka san yau ce Sallarmu ba? To, za a kawo muku abinci."

Ya juya, ƙofa ta rufe. Ni kuwa, Allah ya sani, har a lokacin uzuri nake nema masa. Na ce wa Inna wataƙila gyara mata ɗaki ake yi. Ba a daɗe ba wata mai aiki ta fito da babban baho a kai, cike da baƙaƙen ledoji a ƙulle, ta fara bin layin tana ajiye wa kowa tasa. Da ta zo kanmu maigadi ya ɗaga murya ya ce, "Waɗannan biyun baƙin Alhaji ne, ƙara musu nama." Sai ta zaɓo leda biyu masu ɗan nauyi ta miƙo.

Ku da kuka tashi a zamanin da ake sayen komai a leda, mai yiwuwa ba za ku ji nauyin wannan ba, don haka bari in faɗa muku. A gidajenmu abincin Sallah a langa mai murfi ake kai wa ɗan'uwa, ko da ɗan'uwan da ake gaba da shi ne. Langa tana nufin za ta dawo, kuma ba ta dawowa wayam, sai an sako wani abu a ciki. Wanda aka ba a leda, an ce masa ke nan ba a jiran komai daga wurinsa, kuma ba a jiran dawowarsa. Na sha gaya wa kaina cewa wataƙila saƙon ne ya rikice a madafa, wataƙila ba haka ya ce a yi ba. Da na so in yarda da haka. Amma lokacin da ledar ke sauka a hannun Inna na ɗaga kai, na gan shi a saman bene yana riƙe da ƙarfen baranda. Ya ga ledar, ya ga na gan shi, ya juya ya koma ciki. Inna ba ta gani ba. Ranar nan kaɗai na gode wa Allah da yanar idonta.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa ledar, ta ji ƙullin, ta ji ɗumin shinkafar. Na ga dariyar nan ta bar fuskarta a hankali. Ta ce wa mai aikin, "An gode. Allah ya maimaita mana." Sannan ta ce mini, "Shehu, tashi mu tahi."

Na miƙa tawa ledar ga wani tsoho a layin. Ita ta riƙe tata.

Daga nan na shiga neman abinci a garin da kowane gida ke dafa tukunya uku. Wanda bai taɓa zama baƙo a gari ranar Sallah ba bai san wannan yunwar ba. Babu mai sayarwa, domin an ɗauka kowa yana da gidan da zai ci. Na kai Inna tasha, na zaunar da ita a kan benci a gindin wani itacen dogon yaro, na roƙe ta ta buɗe ledar ta ci ko loma biyu.

"Ba ni jin yunwa."

"To bari in yi sallama a gidan can. Duk Musulmin da muka yi wa sallama yau zai ba mu abinci."

Ta riƙo rigata da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Su tambaye ka ko ku su wane ne, ka ce mi? A ce yayar Alhaji Mamman tana bara cikin Kandi ranar Sallah? So kake ka tona mai asiri?"

Kun ji. Shi ya zaunar da ita a layin sadaka, ita tana tsare masa mutunci. Har yau in na tuna wannan maganar sai fushi ya taso mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na fushin a kanta yake, Allah ya gafarta mini.

Na bar ta na bazama. Rumfunan masu tuwo duk an kifa tukwane an ɗaure bencuna da sarƙa. Teburin mai shayi an juya shi ƙafafu sama. Na tarar da gidan burodi a garƙame, na buga har hannuna ya yi ciwo. Na shiga kasuwa, ba kowa sai awaki suna cin bawon albasa. Yara suna wucewa da langa a kai, layi layi, daga wannan gida zuwa wancan, murfi yana ƙara, ni ina bin su da ido kamar ɓarawo. Ko mai gyaɗa ban samu ba. Wuri ɗaya na gani a buɗe, daura da tasha, kiɗa yana tashi, kwalabe a kan tebur. Gidan giya ne. Na wuce shi da sauri, na san ko a mafarki Inna ba za ta taka wurin ba.

Da na dawo na tarar ta jingina da itacen, gumi ya jiƙa mata wuya, hannuwanta suna karkarwa a kan ledar. Na yi mata magana ta kira ni da sunan mahaifina, wanda ya rasu tun ina makarantar sakandare. Likita ya taɓa faɗa mini abin da wannan ke nufi: sugan jininta ne ya faɗi. Na yage ledar, na ɗebo shinkafa na kai bakinta. Matar da ba ta san inda take ba, ba ta san wanda ke gabanta ba, ta datse haƙora ta kawar da kai. Na yi ta roƙonta, ina jin har ihu na yi mata, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Ihun ne ya fito da mai gidan giyar. Wata mata ce mai jiki, 'yar kudancin ƙasar, da gicciye a wuya, mutanen tasha Madam suke ce mata. Ta dubi Inna sau ɗaya ta ce, "Suga?" Na ce e. Ta koma da gudu ta dawo da kofin ruwa da ta dama sukari a ciki, ta tallafo kan Inna a cinyarta, tana ɗura mata kaɗan kaɗan tana yi mata magana da gurguwar Hausa kamar mai lallashin jariri. A hankali karkarwar ta lafa, Inna ta buɗe ido ta ce, "Shehu, wa ke nan?" Na ce wata baiwar Allah ce. Madam ta dubi yagaggiyar ledar, ta dube ni. Ta tafi, ta ɗan jima, sai ga ta da tabarma a hammata, da butar wanke hannu, da langa mai murfi. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Inna.

"Mama, ki ci. Tukunya sabo ne, bai taɓa ganin alade ba. Ni na dafa yanzu."

Inna ta lalubi langar, ta shafa murfin, ta daɗe hannunta yana kai. Sannan ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta ci. Na kai hannu aljihu, Madam ta harare ni ta ce yau Sallarmu ce, ba a sayarwa. Da Inna ta gama, ta roƙi aron faranti. Ta juye abin da ya rage a ledar Kawu a ciki, ta rufe da murfin langar, ta ce in kai wa wani makaho da ta ji yana bara a bakin tasha, in jira ya gama in dawo da farantin. Ta ce ko mai bara ne, yau yana da Sallah.

A masaukin da ke bayan tasha muka sauka. Aka yi mata aikin ido, ɗaya ya buɗe, ɗayan bai yi ba. Duk kwanakin da muka yi a garin, babu wanda ya zo nemanmu daga gidan bene. A hanyar dawowa, muna kan gadar Tuga, tana kallon ruwa da sabon idonta, ta ce mini ba tare da ta juyo ba:

"Muddin ina da rai, ba ka faɗa ma kowa. In an tambaye ka, Auta ya karɓe mu."

Aka tambaye ni, na ce Kawu ya karɓe mu. Da girbi ya zo ta sa aka ware buhu, ta ce in kai. Na ce mata a aiki wani, ni ƙafata ba ta sake taka ƙofar nan. Shi ne karo na farko da na ƙi umarninta, kuma a gaban mutane ne. Daga ranar aka fara cewa digiri ya lalata ɗan Inna. Yayyena suka daina shawara da ni, wasu har gaisuwa suka rage. Ita ta ci gaba da aika buhun ta hannun direbobi har shekarar da ta rasu, ba ta fasa ko sau ɗaya ba, kuma ko sau ɗaya langa ba ta zo daga Kandi ba.

Kawu ya zo ta'aziyya ranar sadakar uku, da motoci da mutanensa, aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Yana share ido da gefen babbar riga yana faɗa wa jama'a cewa ba yaya ya rasa ba, uwa ya rasa, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kuka da shi ba. Wannan gaskiya ya faɗa. Na tashi na shiga ɗakin Inna, na ɗauko langarta ta aure, wadda ba ta fitarwa sai don babban baƙo. Na sa uwarku ta zuba tuwon shinkafar fadamarmu da miyar kifi. Na ɗauko da kaina, na durƙusa har ƙasa a gabansa, na ajiye, na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na buɗe murfin. Ya kai hannu ke nan na ce, ba da ƙarfi ba:

"Ci, Kawu. Nan gidan ba mu da leda."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Waɗanda ke kusa sun ji, ba su gane ba. Shi ya gane. Hannunsa ya tsaya a kan tuwon, ya janye shi, ya miƙe, ya nemi takalmansa, motocin suka tashi. Wannan ita ce korar da aka ce na yi masa. Da girbi ya zagayo na ce buhu ba ya sake fita daga fadamar nan zuwa Kandi, kuma bai sake fita ba. Kawu ya riga mu gidan gaskiya yanzu. Ina cewa Allah ya jiƙansa, bakina yana faɗa, zuciyata tana jan ƙafa. Mai yiwuwa malamai su ce na yi kuskure, ba zan yi musu da su ba. Amma ban yi nadama ba, kuma ba zan rubuta muku cewa na yi ba.

Idan akwai wanda ya ga abin nan ba haka ba, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara tun ina da rai. Maigadin nan, in yana raye, ko mai aikin da ta ɗauko bahon, ko 'ya'yan Kawu da wataƙila suna cikin gidan ranar, duk wanda ya san wani dalili da ni ban sani ba, ya faɗa mini, wallahi zan sa shi a nan da sunansa. Wanda kuma ya san inda 'ya'yan Madam suke, ya sanar da ni, akwai buhun da ya kamata a ce tun tuni can yake zuwa.

Ke kuma Hadiza, ki je. 'Ya'yansa ba su yi mana komai ba. Ki gaishe su, ki durƙusa wa manyansu. Amma ki tambaya tukuna ko sun ga wata, kuma duk abin da wani zai ce miki, ki tafi da kularki a cike.